Ƙwaryar Hajja Habibatu a Kife

Shekara talatin Hajja Habibatu tana cigiyar ƙwaryar aurenta. Wasu ma'aikata ne suka je rugarsu suka are ta, wai baje koli na kwana bakwai. Kwana bakwai ɗin bai cika ba har shanu suka ƙare, ta dawo Ƙofar Wambai da zama.

Ɗan ƙanenta Hammajoda, mai bincike kan zanen ƙoren Fulani a jami'a, shi ya gano ta a gidan adana kayan tarihi. Ya ce, "Goggo, bari in rubuta musu takarda." Ta ce takarda ta ci gidansu. Ta ja mayafi, ta tare keke mai ƙafa uku, dole ya bi ta.

Tana shiga gidan ta hango ƙwaryar cikin gilashi, a kife. A danginsu ba a kife ƙwaryar aure sai ranar da mai ita ta mutu.

"Wa ya kashe ni?"

Matthias, jami'in da ke kula da ɗakin, ya taso. "Mama, a hankali. An kife ta ne don a ga zanen."

"Hammajoda, karanta mini abin da suka rubuta a takardar nan."

Ya sunkuyar da kai. "Wai ba a san wadda ta zana ba."

"Ba a sani ba? Aljana ce ta zana? Kai yaro, buɗe gilashin nan."

Matthias ya ce kowa ma zai iya cewa tasa ce, ina shaida?

"A cikinta akwai ƙuna kamar kofaton maraƙi. Wuƙar zane ce ta suɓuce mini da zafinta. In babu, ka kira mini sojan barikin Shadawanka."

Hammajoda ya dubi littafinsa. Wata uku yana nazarin ƙwaryar nan, ba a taɓa bari ya ga cikinta ba.

Matthias ya sa safar hannu, ya juya ta. Ga ƙunar, baƙa ƙirin.

Ya share gumi, ya ce fitar da ita sai manya sun sa hannu.

"Su sa ƙafa ma." Ta janyo kujerarsa ta zauna, ba ta motsa ba sai da aka ajiye ƙwaryar baki sama, aka cire tsohuwar takardar, Hammajoda ya rubuta sunanta ya karanta mata sau biyu.

A bakin ƙofa ta juyo.

"Litinin ina nan da tabarmata. Ka gaya wa manyan naka su zo da biro."