Ƙaguwa a Takardar Asibiti

Kausar ta tura takardar cikin jaka tun kafin su fito daga asibitin, amma kalmar ta riga ta shige mata kai: carcinoma. Likitan da zai yi bayani sai Litinin zai dawo, kuma ma'aikaciyar da ta miƙo ambulan ɗin ta ƙi yarda su haɗa ido.

Mahaifiyarta, Hajiya Ɗelu, wata biyu ke nan da zuwanta daga Kano ƙasar wajen da Kausar ke karatu, don ta kula da ita bayan haihuwa. Tana cikin yi wa jaririyar wanka wata safiya ta ambaci wani ƙullutu da take ji a nata ƙirjin, sama-sama, kamar ba komai ba.

Suka zauna a wani shagon shayi, irin wanda ake kira kedai mamak, a unguwar Brickfields. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mai shagon yana ta janye kujeru zuwa ciki.

"Me suka rubuta?" in ji Hajiya.

Shekara uku Kausar ta yi tana digiri a kan asalin kalmomi, wannan kuwa ta san ta ciki da waje. Girkawa sun ce karkinos, Latin ya ce cancer, tsohon yaren Indiya ya ce karkata, dukkansu sunan ƙaguwa ne. Likitocin da can sun ga jijiyoyin da suka kumbura kewaye da ciwon sun miƙe kamar ƙafafunta, sai suka ara masa sunan. Bara ta yi wa 'yan ajinsu wannan bayani har aka yi dariya.

"Umma, tsohuwar kalma ce. Asalinta ƙaguwa take nufi."

"Ƙaguwa ta bakin rafi?"

"Ita."

Hajiya ta juya cokali a cikin shayinta, ta daɗe ba ta sha ba.

"Ba asalinta na tambaye ki ba, Kausar. Yau me take nufi?"

Ruwan ya sauko da ƙarfi a kan rumfar shagon.

"Lokacin da Yaya Indo ta yi nata, sankara suka ce mana," in ji Hajiya a hankali. "Wata bakwai ta yi."

"Ba a tabbatar da komai ba tukuna. Nan akwai likitoci, akwai na'urori. Tajuddeen zai yi magana da..."

"Ki bar mijinki ya ji da karatunsa. Litinin za mu je mu ji ta bakin likita, ban ƙi ba. Amma ki duba mini jirgi. Duk abin da za a yi mini, a ɗakina nake so in kwana."

Ta gyara mayafinta, ta miƙe tsaye duk da ruwan bai tsagaita ba.

"Tashi mu je. Yarinyar nan ta kusa neman nono."