Fim ɗin Mai Taya

Tun yana saurayi Stoimen ke wanke finafinai a wani tsohon ɗakin aiki a gefen birnin Sofiya, zamanin da sana'ar ke da mutunci. Yanzu kuwa ba abin da ke shigowa sai kaset ɗin bidiyo. Kowane ɗan iska ya ari kyamarar ɗaukar biki, ya zo a juye masa shirmensa a kan zaren fim don a haska a sinima.

A cikinsu babu kamar Tsvetan, mai shagon tayoyi. Ya shigo da kaset a leda, yana ƙamshin turare da warin roba.

"Baba Stoimen, labarin soyayya ne. Ni na rubuta, ni na ba da umarni, ni ne jarumin. Matata har kuka ta yi."

"Dole ta yi kuka," in ji Stoimen.

Da suka zauna aikin shi da abokiyar aikinsa Nevena, sai ta dafe baki. A wurin da jarumi ya durƙusa yana roƙon masoyiyarsa, ga surukin Tsvetan mai riƙe da kyamara nan cikin madubi, daga shi sai singileti, yana cusa banitsa, wainar cuku, a baki. A talabijin ba ka lura. A allon sinima kuwa zai kai girman bijimi.

"Baba, mu gaya masa mana."

"Ya tambaye ni? Ai shi ya san komai."

Ranar da aka haska fim ɗin Stoimen ya zauna can baya, ya harɗe hannu. Surukin na bayyana, ɗaki ya ɓarke da dariya, har da masu buga ƙafa. Tsvetan ya yi wuri-wuri da ido. Can sai ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Da aka kunna fitila ya haye gaba yana bugun ƙirji.

"Kun gane kenan! Da ma barkwanci na shirya muku!"

Stoimen ya ja tsaki ya fice. Fim ya yi makonni ana cika sinima.

Da bazara Tsvetan ya dawo da sabon kaset da kwalbar giyar rakiya. Wannan karon da gangan ya dasa surukin a kowane madubi, yana gwalo, yana sosa ciki.

"Ka fito min da shi tar, Baba. Shi ne tauraro."

Stoimen ya fito da shi tar, ya miƙa wa mai gadi kwalbar. Aka haska, ko tari ba wanda ya yi, mutane suka yi ta sulalewa tun kafin a kai rabi. Tsvetan ya bi gari yana cewa tsoho ne ya ɓata masa aiki, idonsa ya mutu. Da Nevena ta kawo masa labarin, Stoimen bai ko ɗago kai ba.

"Miƙo kaset na gaba," ya ce. "Na wani likitan haƙori ne. Wai fim ɗin yaƙi."