Tsohuwar Bindigar Sajan Zaituna

Insfekta Ishaya ya miƙo hannu ta tagar ma'ajiyar makamai, ya bar shi a buɗe yana jira. Zaituna ba ta sa masa komai a ciki ba.

"Kawo shi mana, Sajan," ya ce. "Oda ne daga sama, ba ni na rubuta ba. Duk tsohon ƙaramin bindiga ya dawo sito yau kafin ƙarfe huɗu. Ga sabo nan a kwali yana jiranka."

"Baba, ka ba wanda yake so."

Kofur Fu'ad, direban tawagarsu, yana bayanta a layi. Ya tuntsire da dariya har ya dafa bango.

"Haba Sajan, ki bar Kaka ta huta! Wallahi bindigar nan ta girmi aurena. Ko gidan tarihi aka kai ta sai sun ce a bari a duba musu wuri."

"Aurenka na wane wata?" ta ce, ba ta ko waiga ba.

Ishaya ya janye hannunsa. Mutumin Ushafa ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, shekara talatin da huɗu yana aikin ɗan sanda, ashirin daga ciki a bayan wannan tagar. Saura masa wata biyar ya yi ritaya. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Ni ba zan yi kokawa da kai ba. Je ka ga Oga Bernard."

Zaituna 'yar sandan ciki ce. Shekara shida ke nan aikinta ɗaya: ta ɗaura zani, ta yafa mayafi, ta riƙe jakar cefane, ta tsaya bakin titi kamar kowace mata mai jiran mota. Farautar 'yan wan-cans take yi, ɓarayin nan da ke cika mota da 'yan'uwansu kamar fasinjoji, su ɗauki mutum ɗaya, su ƙwace masa waya da katin banki, su wurgo shi waje mota na gudu. Ita ce mutum ɗayan da ake ɗauka. Sauran tawaga suna biye a wata motar, nesa kaɗan.

Oga Bernard wata biyu ke nan da aka maido shi ya shugabanci sashen. Mutum ne mai son komai a rubuce. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da tasa sabuwar, ya ajiye a gabanta.

"Duba nan. Wannan yana cin harsashi goma sha biyar. Naki nawa?"

"Bakwai, sa."

"Bakwai. Kuma kamfani ya daina yin kayan gyaransa. In ya ƙi tashi ranar da kike buƙata, wa zai je ya gaya wa mamanki? Ni ne. To ni ba na so." Ya tura mata bindigar da yatsa. "Ki ɗauka. In ba za ki iya ba, akwai kujera a kanta. Kina da digiri, rubutunki yana da kyau. Ba abin kunya ba ne."

Kanta. Inda ake zama daga safe zuwa yamma ana rubuta ƙarar waɗanda aka sace wa waya. Tun ranar da ta gama jami'a a Zariya ta ce ɗan sanda za ta shiga, 'yan'uwanta suke jiran ranar da za ta gaji ta nemi kujera. Bayan raunin da ta samu a hannu ma sau biyu ana miƙa mata ita, tana mayarwa.

Ta ɗauki sabuwar da hannun dama. Ƙaramin yatsanta da na kusa da shi ba su lanƙwasu ba, suka tsaya a miƙe a gefen mariƙin. Oga Bernard ya ga haka, ya kawar da ido.

"Na karanta fayil ɗinki," ya ce a hankali.

Abin da fayil ya ce layi huɗu ne. Abin da ya faru ya fi haka tsawo. Shekara uku da suka wuce ta shiga wata mota a kan hanyar Kubwa, maza biyu suka sa ta a tsakiya a kujerar baya. Cunkoso ya raba ta da tawagarta. Minti goma sha takwas cinyar ɗayan tana matse da ƙugunta, daidai inda bindigar take. Suka zazzage jakarta, suka mare ta, suka ƙwace waya. Da ta kai hannu ƙofa, suka buɗe suka danne mata yatsu da murfin. Duk wannan bai sa mutumin ya ji akwai ƙarfe a jikinta ba. Da ya ji, da ba a titi za su yar da ita ba. Sai da direban ya rage gudu a wata kwana, ta zaro ta da yatsu ukun da suka rage mata, ta ɗora masa a ƙeya. Mariƙin ƙarami ne, yatsu uku sun ishe shi.

"Sa, ba yatsuna ne matsalar ba," ta ce. "Da hagu ma zan koya. A ina aka gwada sababbin nan?"

"A filin harbi mana. A ina kuma?"

"Ni ba a filin harbi nake aiki ba. A bayan mota nake aiki, mu huɗu a kujera ɗaya. Ka ba ni rabin awa. Ka zauna kusa da ni yadda ɓarawo yake zama. In ka ji tsohuwar a jikina, da hannuna zan kai wa Baba Ishaya, in wuce kanta."

Sai ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Ishaya ya zare harsasan bindigogin biyu a gaban kowa, ya sa a aljihunsa. Aka fito da tsohuwar motar da tawagar ke ɓad da kama a cikinta, mai fashasshen gilashi da ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Fu'ad ya shiga gaba. A baya aka jera Ishaya, da Kofur Rosemary wadda ita kaɗai wurin mutum ɗaya da rabi take ci, sai Zaituna, sai Oga Bernard a bakin ƙofa.

"Rosemary, matsa mana," in ji Ishaya.

"Baba, in matsa in je ina? Bayan but?"

Zaituna ta sa sabuwar a ɗamarar da ke ƙarƙashin zaninta, inda ta saba sa tsohuwar, ta saki mayafi a kai. Ba su kai shataletalen farko ba Oga Bernard ya fara gyara zama. Da Fu'ad ya shiga layin bayan kasuwar Utako, inda masu baro da masu keke ke rige-rigen hanya, ya taka wani rami da gangan.

"Kai! Fu'ad!" Oga Bernard ya dafe haƙarƙari. "Wannan abu ai kamar bulo ne."

"Harsashi goma sha biyar ne, sa," in ji Zaituna.

Rosemary ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Suka koma ofis. Zaituna ta miƙa wa Ishaya sabuwar, ta shiga ɗakin mata, ta fito tana gyara mayafi. Aka sake jeruwa kamar ɗazu. Wannan karon Oga Bernard bai yi mata sauƙi ba. Ya sa aka matso har gwiwarsa ta haɗu da tata. A kowace kwana sai ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kanta. Ya sa Fu'ad ya bi ramin nan sau biyu. Rana ta take, motar ba ta da sanyi, gumi na bin bayan kowa. Zaituna ta rungume jakar cefanenta, ta zuba wa titi ido, fuskarta irin ta matar da tunaninta ke kan abin da za ta dafa. Amma ta san ko sau ɗaya ya ce ya ji, shi ke nan shekara shida sun ƙare.

Da suka tsaya a farfajiyar ofis, Oga Bernard ya fito ya miƙe ƙafa, yana girgiza kai.

"Sajan, ni ba yaro ba ne. Kin bar shi a ɗakin mata. Ba ki ɗauko komai ba."

Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi, ta fito da ita, ta ɗora a tafin hannunta bakin yana kallon ƙasa. 'Yar siririya ce, baƙin fentinta ya goge a gefe har farin ƙarfe ya fito. An naɗe mariƙin da yankin robar tayar keke. Ishaya ne ya naɗa mata ranar da aka cire mata bandeji, don kada ya zame.

Fu'ad ya leƙo ta tagar mota. "Kaka ta iya ɓuya, wallahi."

Oga Bernard ya karɓa, ya juya ta a hannunsa. "A shekara shida, sau nawa kika harbi mutum da shi?"

"Ko sau ɗaya, sa."

"To me ya yi miki da kike wannan rigima a kansa?"

"Mota ɗari da wani abu na shiga da ita. Ba ta taɓa tona min asiri ba."

Ya sake duban mariƙin. Sannan ya mayar mata.

"Na ji. Amma magana ta biyu tana nan. Ni ba zan sa hannu a kan ƙarfen da ba shi da kayan gyara ba. Sai mai kula da makamai ya rubuta da sunansa cewa lafiyarsa lau, kuma in ya lalace akwai abin gyara. In ya ƙi tashi a bakin aiki, shi za a kira." Ya juya ga Ishaya. "Insfekta, saura maka wata biyar. Ba dole. Ka yi tunani."

Zaituna ba ta dubi tsohon ba. Ba za ta roƙi mutum ya jingina shekara talatin da huɗu a kan taurin kanta ba. Ta soma shirya abin da za ta ce in ta miƙa masa bindigar ta taga.

Ishaya ya wuce su, ya buɗe ma'ajiyar, ya yi ta motsi a ciki. Ya fito riƙe da wani tsohon gwangwanin man shafawa, ya buɗe a kan murfin motar. A ciki akwai tsumma mai maiƙo, a cikin tsumman kuma kayan gyaran tsohuwar bindigar ne: sifirin guda biyu sababbi ful, da wasu ƙananan ƙarafa.

"Na ƙarshe ke nan da aka turo mana, shekara huɗu da ya wuce," ya ce. "Suna cikin littafi, oga, ka duba. Mutum uku sun zo nema, na ce bindigansu bai kai ga canji ba, kuma gaskiya ne bai kai ba. Tun ranar da yarinyar nan ya dawo daga asibiti na san wa zai buƙace su." Ya rufe gwangwanin. "Kowace Juma'a ni nake kwance shi in shafa mai. Kawo takarda."

Zaituna ta tsaya tana kallonsa. Kowace Juma'a da azahar takan bar bindigar a tagarsa ta tafi salla, ta dawo ta karɓa. Ta ɗauka ajiye ta kawai yake yi har ta dawo.

"Baba," ta ce. "Baba, da safe kai ka ce in kawo ta."

"Aikina ne in ce ka kawo. Aikinka ne ka ƙi."

A kan murfin motar ya rubuta, a hankali, harafi bayan harafi. Oga Bernard ya karanta sau biyu, ya sa hannu a ƙasa, ya tafi yana shafa haƙarƙarinsa. Agogon farfajiyar ya nuna uku da rabi.

Ishaya ya ƙirgo harsasai bakwai daga aljihunsa ya zuba mata a hannu.

"Takardan nan yana aiki ne muddin ina bayan taga," ya ce. "Ranar da na koma Ushafa, wani zai zo, ban san halinsa ba."

"Na sani, Baba. Na gode. Allah ya saka maka."

"Amin. Oga ya ce za ka koyi sabon da hagu."

"Zan koya. Amma Juma'ar nan ba zan ajiye ta in tafi ba. In na idar da salla zan shigo ciki, ka nuna min yadda ake kwance ta."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Zai ɓata maka lalle."

Ta mayar da bindigar inda take zama, ta saki mayafi a kai, ta ɗauki jakar cefane. Fu'ad ya riga ya tayar da mota. Ma'aikata sun kusa tashi daga ofis, bakin titi zai cika da masu jiran mota, kuma tana so ta samu wurin tsayawa a cikinsu.