Tankar Madara Ba Ta Tsayawa

Madarar tana tururi lokacin da Odile ta tuntsurar da bokitin a bakin magudana. Fara sol, mai kauri, irin wadda cuku ke so. Ta tsaya har ta gama shigewa, sannan ta bi ta da ruwa. Tun lokacin kaka take wannan aiki safe da yamma, amma zuciyarta ta ƙi sabawa. Maruƙa sun sha har sun gaji, kyanwoyin gidan ma sun fara yi wa madarar yanga.

A Quebec ta ƙasar Kanada ba ka sayar da ko cokali ɗaya sai kana da kaso, wato izinin sayarwa, daga hukumar madara, kaso kuwa ya fi gonar kanta tsada. Mahaifinta Arsène ya gaji nasa, amma ya sayar a shekarar da ya binne matarsa, don a ganinsa babu mai dawowa daga birni. Bai tambayi Odile ba, ita ma ba ta faɗa masa tana shirin dawowa ba. Haka gidan suke, kowa da cikinsa. Da ta dawo sai ta sayi 'yan baƙaƙen shanu irin na kakanni, ta zauna jiran ƙuri'ar da hukuma ke yi wa sabbin shiga duk shekara. Bana ce ta ƙarshe gare ta, don baɗi shekarunta sun haura ƙa'ida. In ba a ciro sunanta ba, shanun sun tafi.

A waje tarakta na ruri. Tsohon ne ke ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, yana buɗe fili mai faɗi kamar yadda ya saba.

"Baba, wa kake share wa hanya? Tankar madara ta daina tsayawa nan."

"In aka ciro sunanki fa? So kike direba ya zo ya kafe, a yi da mu a coci?"

* * *

A zauren taron gari aka yi ƙuri'ar. Maƙwabcinsu Fernand Boisvert, mai shanu ba iyaka, ya tare ta a bakin ƙofa yana kaɗe hula.

"'Yar Arsène, yaya awakin naki?"

"Shanu ne, Baba Fernand. Suna gaishe da injinanka."

Ya yi dariya har da tari. Odile ba ta yi ba.

Wata ma'aikaciyar hukuma ta sa hannu cikin kwalba ta ciro suna. Ludovic ne, mijin 'yar Fernand, wanda aka saya wa wani kangon ɗakin shanu da sunansa a bara. Wai sabon shiga. Kowa a zauren ya san shanun wa za a zuba a ciki, kuma kowa ya tafa.

Fernand ya matso, ya rage murya. "Kada ki sa a ranki. Ina neman mai tatsa, hannunki kuwa yana da kyau."

"Shanuna fa?"

"Waɗannan ba sa cika tanki, 'yata. Ki kira mahauta."

Suna mota a hanyar gida ita da mahaifinta, har sun wuce gada. Arsène yana kallon titi ya ce, "Da na tambaye ki kafin in sayar da kason."

"Da na faɗa maka, Baba."

Baƙin ciki ya rufe ta, na kanta da na tsohon duka.

* * *

Washegarin ranar da aka kwashe shanun, Odile ta farka a lokacin tatsa, ta sa takalma, sannan ta tuna. Ta tsaya a taga haka nan. Dusar ƙanƙara ta zuba sosai, kuma tsohon ya riga ya share ƙofar gida tas, da faɗinta na kullum.

Tankar madara ta ɓullo daga kwana. Ta rage gudu, ta kunna fitilar juyawa, ta karyo cikin filinsu. Arsène ya sauko daga tarakta da sauri har yana tuntuɓe.

Direban ya samu wuri mai faɗi ne kawai. Ya juya a hankali, ya yi baya, ya saita ƙofar Fernand da ke tsallaken titi. Da zai shige ya danna oda, alamar godiya.

Tsohon ya ɗaga masa hannu, kuma ya daɗe bai sauke ba.