Kwana Ashirin Da Takwas A Ruwa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na ɗora wa kaina kayan da jaki ma sai ya yi gardama. Ina karatun injiniyan gine-gine, ni ne shugaban ɗaliban sashenmu, kuma Talata da Alhamis ina koyar da lissafi a wata sakandare a hanyar Mai'adua. Kowa sai ya ce Nu'uman jarumi ne, ni kuwa wawa na yarda.

Aikina na kammala digiri 'yan bulo ne guda shida na kankare, waɗanda na kwaɓa da tokar ƙaiƙayin gero. Ƙa'ida ita ce su yi kwana ashirin da takwas cif a tankin ruwa na ɗakin gwaji, sannan a sa su a inji ya matse su har su fashe, a rubuta ƙarfinsu. In babu wannan sakamako babu digiri bana, sai maimaita shekara.

Kwanakin suka cika ranar wata Alhamis. Kwana biyar ke nan babu ɗigon ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa a wuya yake, ni kuma ina ta alkawarin zan ga hukuma. Don kada in rasa ajina, sai na miƙa wa mataimakina Uwaisu makullin ɗakin gwajin, na ce ya riƙe zuwa azahar.

Ina tsaye gaban allo Lubna 'yar ajinmu ta bugo waya. "Shugaba, ka zo, za a yi kisa!"

Na bar yara da rabin lissafi na haye acaɓa.

Ashe Uwaisu ya buɗe wa ɗalibai su ɗebi ruwan tankin. Baba Ɗantsoho mai gadi ya hana, ya kwaɗa wa wani gora a ka, shi ke nan wuri ya rincaɓe. Na tarar da tagogi a farfashe, bokitai a warwatse, wani yana tofar da haƙori da jini. Da suka rasa duwatsun jifa sai suka tsamo bulona. Biyar na gani a ƙasa, duk sun ɓantale. Wallahi ji na yi kamar in kashe wani.

Sun ritsa Baba Ɗantsoho a jikin bango, goshinsa na zubar da jini, yana ta salati. Uwaisu na tsaye a kansa, ido jajur, ya ɗaga bulo na shida sama. Bulon nan kaɗai ya rage lafiyayye, wataƙila malamin da ke duba aikina ya karɓi ko guda ɗaya.

"Uwaisu, ajiye! Don Allah ajiye!"

Bai ma ji ni ba. Na ruga na miƙa hannu, ya saki. Bulon ya sauka a kafaɗata, na ji ƙashi ya ce ƙas, sannan ya bugi siminti ya dare gida biyu. Masu jifa suka fara sulalewa.

Ina kwance ina nishi tsohon ya rarrafo, ya tallabi kaina.

"Ɗana, ka ceci raina. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifa."

Ya yi ta kuka yana shafa mini kai. Kunya ta rufe ni. Ni bulon na tafi cafewa.