Ƙofar da Malam Gwadabe Bai Buɗe Ba

"Kawo nan," in ji Babaji, ya fizge na'urar daga hannunmu. Na ce hannunmu domin mu biyu muke riƙe da ita, ni ɓangaren hagu, Malam Gwadabe ɓangaren dama. Liman da dattawan unguwa uku suna bakin zaure suna cire takalma, sun zo dubiya.

"Haba Sammani," ya ce da ƙarfi don su ji. "Mutum shina kwance, maimakon ka miƙa mashi carbi sai ka kawo mashi wasan yara?"

Ya jefa ta a aljihun babbar riga. Kunya ta rufe ni. Wannan Babajin, ƙanin Malam, jiya-jiya yana durƙushe a bayanmu yana cewa mu naɗe gadar da ke cikin wasan ta wancan gefen.

Malam Gwadabe maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a bayan hasumiyar Gobarau. Shekara arba'in yana ɗaurin littattafai, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun hagu. 'Yarsa Ramla da ke aikin jinya a Ingila ta aiko masa da 'yar na'urar wasa mai faɗin tafin hannu biyu, wai ya riƙa motsa yatsu. Da farko ko kallonta bai yi ba. Ranar da aka kunna ya ga duk duniyar cikin ta takarda ce, itatuwa da duwatsu da ruwa, da ɗan mutum na takarda ɗauke da wasiƙa yana tsalle, sai ya gyara zama.

"Wanda ya yi wannan ya san takarda," ya ce. "Dubi inda ta karye. Haka take karyewa."

Wasan hannu biyu yake so, shi ya sa kullum bayan la'asar nake rufe keken ɗinkina in ara masa na hagu. Ni ke tafiyar da ɗan mutumin, shi ke sa shi tsalle, shi ke gane inda za a naɗe tudu ya zama matakala ko a yage bango hanya ta fito. In na jefa shi rami sai ya harare ni.

"Kai da ɗinki ma haka kake, ba ka bin layi."

Wata biyar muka yi. Ranar da Babaji ya karɓe ta muna gaban ƙofar ƙarshe, inda za a miƙa wasiƙar a ga abin da ke ciki. Malam ya sha faɗa mini ba ya son ya tafi bai karanta wasiƙar nan ba. Yana faɗa yana dariya, amma na san da gaske yake.

Da baƙi suka tafi na tare Babaji a lungu.

"Ka yi haƙuri, idon mutane ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bari ƙura ta lahwa, ranar Juma'a ni da kaina zan maido ta."

Na yarda. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Juma'a ta zo ta wuce. Kullum in na shiga, bayan mun gaisa, sai Malam ya dubi hannuna.

"Ya kawo?"

"Ya ce gobe."

"To."

Sau uku ina zuwa shagon Babaji na kayan gini a Ƙofar 'Yandaka. Yau ya manta ta a gida, gobe makullin durowa ya ɓata. Ranar Talata Malam bai tambaya ba. Ya dubi hannuna kawai ya mai da fuska bango. Laraba da hantsi matarsa Suwaiba ta buga katanga tana kiran sunana. Na same shi numfashi sama-sama, na laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sarai, sannan ya cika. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

A zaman makoki Babaji ya yi ta ba mutane labarin yadda ya raba yayansa da shagala a kwanakinsa na ƙarshe, ana sa masa albarka. Ina gefen tabarma ina jin sa.

Bayan sadakar uku Suwaiba ta ce in karɓo na'urar a ajiye wa Ramla. Na isa shagon da rana tsaka, babu ciniki. Tun daga bakin ƙofa na ji kiɗan da na sani. Babaji na bayan buhunan siminti, kai sunkuye, yatsu na aiki. Ya ɗago ya gan ni, ya yi 'yar dariya.

"Ai na buɗe ƙohwar tun ran Asabar," ya ce. "Yanzu sabon wasa na hwara. Kuma wallahi ba wani abu ba ne ciki, wasiƙar cewa ta yi..."

"Kada ka hwaɗa mani."

Ranar Asabar Malam yana da rai. Ranar ma sau biyu ya tambaye ni.

Babaji ya ajiye ta a kan benci ya shiga neman kwalinta, yana ta surutu a kan tsadar siminti. Ban miƙa hannu ba. Ɗan mutumin yana tsaye a farkon hanya, wasiƙa a hammata, ciyawar takarda tana kaɗawa a gefensa. Yana nan tsaye har hasken gilashin ya ragu, ya ɗauke.