Kuɗin Wasan Baba Zarami

"Ba wannan ba," in ji Baba Zarami. "Mai kan mace na ce maka."

Na mayar da ɗan kuɗin cikin gwangwanin, na sake lalube. Ni tela ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Nguru. Shi kuwa maƙerin farfaru ne, har ranar da idonsa ya mutu. Tun shekarar da jirgin ƙasa ya iso garin yake tara waɗannan ƙananan kuɗi, wasu ko farcen ɗan yatsa ba su kai ba. Ba su da huda irin ta anini, ba sa sayen ko gishiri. Kuɗin wasan 'ya'yan Turawa ne. Wasu ya samo wurin kukun Bature, wasu cikin tarkacen 'yan koli. Da yatsa yake gane kowanne, ya faɗa maka na Ingila ne ko na Faransa. Guda ɗaya ne ya gagare shi, mai kan macen nan.

Da na miƙa masa, sai ya daɗe yana murzawa.

"Shekara arba'in ina narka ƙarfe, ban taɓa fitar da rubutu siriri haka ba. Ka kai wa Malam Saleh, akawun kanti a Gashua. Ya gaya mini garin da aka buga shi."

Matarsa Fanna ta ajiye ƙwaryar kunu da ƙarfi. "Mutum kwana uku bai ci komai ba, kuna ta wasan yara."

Ban so tafiyar ba, ɗinki ya taru mini. Amma na ga yadda numfashinsa yake fita.

Damina ce. Motar da na shiga ta kafe a taɓo kusa da Jajimaji, muka kwana biyu muna turi. Da na isa, Malam Saleh ya sa tabarau, ya duba, ya yi dariya.

"Wannan ya taso ka tun daga Nguru?"

"Malam, karanta mini kawai."

Ya kai shi bakin taga, ya juya, ya sake juyawa. "Ba Ingilishi ba ne. Wataƙila Jamusanci. Ban iya ba."

"Ko sunan garin?"

"Na ce ban iya ba. Ga masu ciniki suna jira."

Ranar da na dawo, tabarmin zaman makoki na tarar a ƙofar gidan Baba Zarami. Ashe jiya da hantsi aka kai shi. Abatcha, ɗan ƙanensa, ya riga ya kai gwangwanin kasuwa a zaton zinariya ce. Da aka ce masa tagulla ce da dalma, sai ya watsa wa yaran unguwa.

"Ka san shekarun da ya yi yana tara su?" na ce masa.

"To me za a yi da su?"

Na wuce cikin gida yi wa Fanna gaisuwa. Tana bayan asabari, ta shiga takaba.

"Har safiyar jiya yana tambaya ko ka dawo," ta ce. "Me akawun ya ce?"

"Bai sani ba, Ya Fanna."

Can sai hannunta ya fito ta ƙarƙashin asabarin, na ɗora mata ɗan kuɗin a tafi. Ta ja hannun ciki, ta duba kan da ke jikinsa.

"Ashe ma yarinya ce," ta ce a hankali.

Ta tsakankanin asabarin na hango ta tana ƙulle shi a haɓar zanenta.